Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Tsofaffin Rediyoyin Gano Shiyya na Zamanin Yaƙi da Yadda Ake Farfaɗo da Su

Wasiƙun da suka shigo wannan karo sun karkata ga abu guda, wato na'urorin rediyo da sojoji suka yi aiki da su a Yaƙin Duniya na Biyu domin gano shiyyar da sigina take fitowa. Na zaɓi guda bakwai daga ciki, na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. Na mallaki wata tsohuwar rediyo baƙa, fuskarta rabin da'ira ce mai layuka shuɗi da ja da rawaya. A jikinta akwai ɗan allon ƙarfe mai hoton kambi da haruffan A da M, da wata lamba da ta fara da 10D. Wanda ya sayar mini ya ce ta jirgin yaƙi ce, kuma tana gano inda tasha take. Da na buɗe ta sai na tarar da gurabe uku na bawul babu komai a cikinsu, ga kuma wata taransifoma da ba ta yi kama da sauran kayan ba. Mece ce wannan na'ura, kuma cutata aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. In dai siffar da ka bayar daidai ce, abin da ke hannunka R1155 ce, rediyon da kamfanin Marconi ya tsara wa rundunar sojan sama ta Birtaniya, wadda ake haɗawa da na'urar aika saƙo mai suna T1154 a cikin manyan jirage masu jefa bama-bamai irin su Lancaster da Halifax. Kambin nan da haruffan biyu tambarin Ma'aikatar Sojan Sama ne ta wancan zamani, lambar da ta fara da 10D kuwa lambar kaya ce a kundin ajiyar rundunar. Launukan da ka gani suna da aiki: a jikin T1154 akwai mamurɗai masu irin waɗannan launuka, domin mai aikin rediyo, wanda yake zaune cikin sanyi da duhu da girgizar jirgi, ya iya daidaita zangon da yake aikawa da wanda yake saurare ba tare da ya tsaya dogon karatu ba. An ƙera kimanin guda 80,000, kuma ba Marconi kaɗai ya ƙera su ba, har da EKCO da Plessey da Philips da EMI. Saboda haka samun R1155 ba abin mamaki ba ne. Wadda take da wuyar samu ita ce wadda hannu bai taɓa cikinta ba.

Ka duba harafin da ya biyo bayan lambar 1155 a jikin allon, domin shi ne yake faɗin irinta. Yawancinsu suna kama zango biyar, daga kilohaz 75 zuwa megahaz 18.5, amma masu harafin L da N an cire musu zangon da ya fi ƙasa aka sa musu na megahaz 1.5 zuwa 3, wanda ƙananan jiragen ruwa suke magana a kai. Wasu akwatinsu alminiyam ne, wasu baƙin ƙarfe, kuma ɗan maganaɗisu zai raba maka gardama nan take.

Gurabe ukun da ka tarar babu komai su ne zuciyar maganar. Wannan rediyo tana da bawul goma, wato kwalaben nan masu kama da ƙwan fitila da ake ƙarfafa sigina da su kafin zuwan tiransista, kuma uku daga cikinsu ba su da wani aiki sai gano shiyya: VR99A guda biyu da VR102 guda ɗaya. Da yaƙi ya ƙare aka yi gwanjon rarar kayan soja, masu sha'awar sauraron gajeren zango suka saye su da yawa. Su kuwa ba ruwansu da neman shiyya. Abin da suke bukata shi ne wutar gida da lasifika, alhali an yi rediyon ne don ta karɓi wuta daga jirgi ta kuma yi magana a abin saurare na kunne. Sai suka riƙa ciccire sashen gano shiyya, suna dasa taransifoma da bawul mai ƙara sauti, galibi 6V6, a gurbinsa. Ba na ganin laifinsu, domin a lokacin kaya ne masu arha da suka cika kasuwa, kuma da ba su saye su ba da an narkar da da yawa. Mai sayarwa bai yi maka ƙarya ba game da asalinta, sai dai a halin da take yanzu ba ta gano komai.

Ko za ta koma yadda take, wannan ya danganta da irin ɓarnar da aka yi. Ka juya ta ka duba ƙarƙashin guraben nan uku. Idan wayoyinsu da ƙananan taransifomomin da ke kusa da su suna nan, bawul kawai aka zare, to, ka yi dace, aikin kuma ya cancanci wahalarsa. Idan an yanke komai an huda sababbin ramuka, sai ka shirya wa aikin shekaru na neman kaya ɗaya bayan ɗaya. Ka sani kuma rediyon ita kaɗai ba ta isa ba, sai da eriyar zobe mai juyawa da agogon nan mai allura biyu da suke gittawa, wanda idan mahaɗarsu ta sauka a kan layin tsakiya, matuƙi ya san zoben ya daidaitu da tashar. A ganina duk wadda sashenta na gano shiyya yake da sauran rai, bai kamata a bar ta a matsayin rediyon sauraron labarai kawai ba, domin wannan sashe ne ya mayar da jirage da yawa gida cikin dare.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a fannin lantarki. Ta yaya zoben waya kawai zai san inda tasha take? Kuma da me zan bambanta rediyon gano shiyya da sauran rediyoyin soja idan na gan ta?

Amsa: Malama, ki ɗauka an tsayar da zoben a tsaye. Idan kaifinsa ya nufi tashar, igiyar rediyo tana riskar ɓangarensa na gaba kafin na baya, kuma wannan ɗan bambanci shi ne abin da rediyon take ji. Idan kika juya shi har fuskarsa ta kalli tashar, yadda za ki iya hango ta ta cikin ramin zoben, igiyar tana riskar ɓangarorin biyu lokaci guda, abin da ta haifar a wannan ya kashe abin da ta haifar a wancan, sai sauti ya ɗauke. Wurin da sauti ya fi ƙarfi yana da faɗi, za ki juya zoben sosai kunnenki bai ji wani sauyi ba, amma wurin shirun siriri ne, 'yan digiri kaɗan. Shi ya sa mai neman shiyya shiru yake farauta.

Matsalar ita ce shirun biyu ne, ɗaya a gaba ɗaya a baya, digiri 180 tsakaninsu, kuma wanda ya ɗauki na baya a matsayin na gaba zai yi ta nisantar inda yake nufi yana zaton kusantarsa yake yi. Maganin wannan shi ne a ƙara miƙaƙƙiyar eriya wadda take ji daga kowace fuska daidai wa daida. Idan aka gauraya abin da ta kamo da abin da zoben ya kamo, gefe ɗaya yana ƙaruwa ɗayan yana raguwa, sai a san ta ina tashar take. Layi ɗaya a kan taswira yana ba da shiyya kawai. Sai an ja na biyu daga wani wuri dabam mahaɗarsu take nuna wurin, na uku kuwa yakan bar ɗan ƙaramin kusurwa uku wanda girmansa yake faɗin yawan kuskuren da aka yi. Haka Birtaniya ta riƙa bin sawun jiragenta na yaƙi a 1940: rediyon jirgi tana sakin wani sauti na daƙiƙa 14 a cikin kowane minti, tashoshi uku na ƙasa suna auna shiyyarsa, a cibiya kuma a ja zare uku a kan taswira.

Ba dole ne zoben kansa ya juya ba. Tun wajen 1907 wasu 'yan Italiya biyu, Ettore Bellini da Alessandro Tosi, suka kafa zobba biyu a gicciye, suka kawo wayoyinsu cikin wani ɗan akwati mai naɗin waya da ke juyawa a ciki, wanda ake kira goniyomita. Idan kika ga akwati mai mamurɗi ɗaya babba da da'ira mai lamba daga 0 zuwa 360, mai yiwuwa shi ne.

Alamomin da za ki nema a jikin rediyo kuwa su ne mashigar eriya biyu, ɗaya ta zobe ɗaya ta miƙaƙƙiya. Zangon da ya sauka ƙasa sosai, zuwa kilohaz 200 ko ƙasa da haka, idan ta jirgin sama ce. Da makunni mai zaɓa tsakanin eriyoyin. A jikin R1155, alal misali, babban makunnin yana da matsayi biyar, an rubuta Balance da Visual a biyu daga ciki, na ƙarshe kuma an zana masa lamba 8 a kwance, wadda ita ce siffar yadda zobe yake ji. Ki yi hattara da tarko guda: haruffan RDF a takardun Birtaniya na farkon yaƙi galibi rada suke nufi, domin da wannan suna aka ɓoye ta har zuwa 1943.

Tambaya: Malam, tawa ta zo cikakkiya, da alama ba a taɓa buɗe ta ba. Ina ɗokin in ji muryarta. Me zai hana in haɗa mata wuta in gani?

Amsa: Ɗan'uwa, ina roƙonka ka danne wannan ɗoki. Ni ma na taɓa yin abin da kake shirin yi da rediyon farko da ta shigo hannuna. Ta yi magana kusan minti goma, sannan na ji warin ƙuna, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen wani gwangwani. Kwandansa ɗaya ce ta takarda, wato ɗan abin nan mai tara wutar lantarki ya riƙe, ta toshe, ta ja wuta ta cikin naɗin wata taransifoma da aka naɗa da waya mai sirantar gashi, kuma sai da na shekara biyu kafin na sami madadinta. Wannan naɗi ya tsira daga yaƙi da shekaru masu yawa na ajiya, a hannuna ya ƙone, har yau abin yana damuna.

Ka fara da ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, ciki da waje, kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya. Ka nemi littafin jagorarta da taswirar wayoyinta. Na R1155 da T1154 shi ne wanda rundunar ta ba lamba AP 2548. Ka share ƙura da burushi mai laushi, kada ruwa ya kusanci naɗin waya. Daga nan ka sa ido a kan wayoyin. A na'urorin Birtaniya da yawa roba ce rigar wayar, kuma bayan shekara tamanin takan bushe: ka taɓa ta da tsinke ka gani, sai ta ruguje kamar busasshen ganye ta bar jan ƙarfe tsirara, wani lokaci kuma ta narke ta zama danƙo. Irin wannan waya sai an sauya ta, ɗaya bayan ɗaya, ana cire tsohuwa ana sa sabuwa mai irin launinta ta bi hanyar da ta bi, domin a sashen sigina tsawon waya da inda ta ratsa suna cikin lissafin wanda ya tsara na'urar.

Kwandansojin takarda su ne manyan masu laifi. Takardar tana shan laima, sai wuta ta riƙa yoyo ta cikinta, kuma ƙaramar mitar hannu mai aiki da batir ba za ta nuna maka wannan yoyo ba, sai an gwada su da ƙarfin wutar da suke ɗauka a bakin aiki. A R1155 da yawansu suna cikin 'yan gwangwanayen alminiyam, uku-uku a gwangwani. Abin da nake yi shi ne in buɗe gwangwanin a hankali, in ƙwaƙule tsohon cikin, in zura sababbi, in mayar da shi mazauninsa, ta yadda ido zai ga na'urar 1943 amma wuta ta bi kaya masu lafiya. Rizistocin gawayi kuwa, wato 'yan abubuwan da suke rage gudun wuta, ƙimarsu hawa take yi da tsufa. Ka auna kowacce, wadda ta zarce abin da aka rubuta da fiye da kashi 20 cikin ɗari ka sauya ta, wadda ba ta zarce ba ka ƙyale ta. Abin da zai ba ka mamaki shi ne bawul ɗin, waɗanda kowa yake fara zargi, yawancinsu lafiyarsu ƙalau.

Akwai wani abu da ya keɓanta da R1155 wanda ya jawo wa mutane da yawa asara. Wayar komawar babbar wutarta, mai ƙarfin bolt 220 ko kusa da haka, ba a haɗe take da gangar jikin rediyon ba. Tana ƙasa da ita da kimanin bolt 30, kuma daga wannan tazara ne bawul suke samun abin da yake riƙe musu linzami. Wanda ya gina mata na'urar ba da wuta ya ɗaure wannan waya a jikin ƙarfe, kamar yadda ake yi a yawancin rediyoyi, ya kwance linzamin ke nan, sai bawul su ja wuta fiye da kima.

Ranar kunnawa, ka sa ƙwan fitila mai zare a kan hanyar wutar, wanda zai haska da ƙarfi ya rage wutar idan wani abu ya toshe, ka kuma ɗaga wutar sannu a hankali kana duban mita. Wannan ƙarfin wuta yana kisa, kuma kwandansa tana riƙe shi bayan an kashe na'ura, don haka ka sauke wutar da ta riƙe kafin ka sa hannu, kada kuma ka yi aikin kai kaɗai a ɗaki. 'Yan sukurorin daidaita zango da aka ɗiga wa fenti ko kaki, kada ka murɗa su sai kana da na'urar haifar da sigina ka kuma san abin da kake nema, wanda a wannan rediyo kilohaz 560 ne a sashen tsakiya. Duk abin da ka cire ka zuba shi a jaka ka rubuta inda ya fito, ka ajiye tare da na'urar. Wanda zai gaje ta yana da haƙƙin ya san abin da aka yi mata.

Tambaya: Malam, tawa ta Amurka ce, an rubuta BC-433 a jikinta. Ba ta da fuska ko mamurɗin neman tasha. An rubuta bolt 115, na ba ta hakan daidai, sai taransifomarta ta yi gurnani ta ɗauki zafi, na yi maza na kashe. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ka kyauta da ka kashe da wuri. Ka sake duba rubutun, za ka ga 400 kusa da 115 ɗin. Wutar jiragen Amurka tana kai da komo sau 400 a daƙiƙa, ta gida kuwa sau 50 ko 60. An zaɓi 400 ne domin taransifoma ta yi aiki da ɗan ƙaramin ƙarfe, nauyi ya ragu a jirgi, kuma idan aka ba irin wannan taransifoma wutar gida, ƙarfen cikinta yana ƙoshi nan da nan, naɗin ya ja wuta kamar babu abin da ya tare shi. Ka auna naɗin, ka shinshina. Idan babu warin ƙuna mai yiwuwa ta tsira.

BC-433 gaɓa ɗaya ce ta wani tsari mai suna SCR-269, wanda aka sa a jirage irin su B-17 da B-24 da C-47, yana kama kilohaz 200 zuwa 1750. Ba ta da fuska ne domin a wani lungun jirgi ake ɗaure ta, ana sarrafa ta daga akwatin BC-434 ta hanyar wata murɗaɗɗiyar igiyar ƙarfe mai juyawa cikin bututu. Zobenta, LP-21, yana cikin wani kwanso mai siffar ɗigon ruwa a wajen jirgi, kuma ƙaramin moto ne yake juya shi yana neman shirun da kansa, allurar agogon I-81 ko I-82 tana bin sa. Saboda moton da agogon duk da wutar 400 suke aiki, ba na ba da shawarar a sauya taransifomar da ta gida. A nemi na'urar da za ta samar da wutar 400 ɗin, tsohuwa mai juyawa ko ta zamani. Magajiyarta, AN/ARN-7, ita ma haka take. MN-26 ta kamfanin Bendix kuwa wutar batir take ci ta hanyar dainamoto, wato moto mai ɗaga ƙarfin wutar batir, wanda man gilis ɗinsa ya daskare tuntuni, sai an wanke an sa sabo kafin a juya shi.

Don sanin shekarunta, ka duba lambar odar da ke kan allon: sau da yawa tana ƙarewa da gajeren sunan ofishin da ya yi odar, kamar PHILA na Filadelfiya, da lambobi biyu na shekara. Idan ka ga hatimin MFP da kwanan wata, alama ce an fesa mata wani vanish mai kare ta daga laima da funfuna, abin da yaƙi a ƙasashe masu zafi da ruwa ya tilasta. Wannan rawayan rufi ba datti ba ne, kada ka kankare shi.

Tambaya: Malam, lambobin agogon da ya zo da tawa sun yi ruwan ƙasa, fentin yana ɓarɓashi a bayan gilashi. Ba ya haske da dare. Zan iya buɗewa in goge in sake fenti?

Amsa: A'a, Malama, kada ki buɗe. Agogunan jiragen wancan zamani da yawa an shafa musu fenti mai radiyam, wani sinadari mai fitar da tiririn nukiliya, domin a gan su cikin duhu. Sinadarin da yake ba da hasken ne ya mutu. Radiyam ɗin yana nan, domin sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Babban haɗarin shi ne ɓarɓashin nan ya shiga huhu ko baki. A gwada shi da na'urar Geiga mai auna tiririn nukiliya, a bar gilashin a rufe, a ajiye shi a wuri mai iska nesa da ɗakin kwana da hannun yara, idan kuma gilashin ya fashe a sa shi a jaka biyu a ɗaure, a tuntuɓi hukumar da take kula da irin waɗannan abubuwa a ƙasar da kike. Ki sani kuma wasu manyan kwandansoji na gwangwani suna ɗauke da mai mai guba na PCB, wasu rizistoci masu zafi an naɗe su da asbestos, garin da yake fitowa a kan ƙarfen da aka yi wa rufin kadmiyam shi ma guba ne. Safar hannu da abin rufe hanci suna cikin kayan aikin, daidai da ƙarfen narka dalma.

Tambaya: Malam, an nuna mini wata ta Jamus, EZ 6, amma wani farin gari ya fito a jikinta. Tana gyaruwa?

Amsa: EZ 6 rediyon tsarin Peil G 6 ce, aikin Telefunken, tana kama kilohaz 150 zuwa 1200, kuma duk wanda ya buɗe ta zai yaba wa maƙeranta, domin sassa-sassa aka zuba ta, kowane sashe yana fita shi kaɗai. Tana aiki da ƙaramin bawul RV12P2000, wanda Jamusawa suka sa a na'urori masu yawa domin sauƙin ajiyar madadi. A allonta za ka ga lamba mai farawa da Ln, sunan kamfani kuwa a lokacin yaƙi sau da yawa an ɓoye shi da ƙananan haruffa uku.

Farin garin ya danganta da ƙarfen. Idan sashen ba shi da nauyi a hannu, gaurayen maganiziyam ne da laima ta ci, kuma ana iya tsayar da cutar: a goge a bushe da burushi marar ƙarfe, a shafa ɗan kaki, a ajiye a wuri busasshe, a kuma nisanta garin da wuta domin yana kamawa. Idan sashen mai nauyi ne, ya kumbura, ya tsattsage kamar busasshen tabki, gaurayen zinki ne da ƙazantar dalma ta lalata daga ciki, wannan kam ba shi da magani. Ka duba wannan kafin ka saya, ka kuma yi shakkar hatimin da ya fi fentin da ke ƙarƙashinsa sabunta, domin kayan Jamus sun fi jawo masu jabu.

Tambaya: Malam, na gama gyara, zobe yana aiki, da rana ina samun shiru mai kyau. Amma da magariba sai shirun ya dushe, shiyyar ta riƙa yawo. Me na lalata?

Amsa: Ba ka lalata komai ba, barka da aiki. Abin da ka gani shi ne abin da ya dami masu wannan sana'a tun farkonta. Da rana igiyar dogon zango da matsakaicin zango tana zuwa maka ne ta bin doron ƙasa. Idan rana ta faɗi, wani ɓangarenta yakan haura sama ya dawo daga samaniya a karkace, ya faɗa wa saman zoben da ƙasansa, waɗanda da rana ba sa jin komai, sai shirun ya cike ko ya gusa. Abin ya fi tsanani da ketowar alfijir da faɗuwar rana. Wani hafsan Birtaniya, Frank Adcock, ya yi rajistar maganinsa a 1919: sanduna huɗu a tsaye maimakon zobe, wayoyin da suka haɗa su kuma a kare su yadda ba za su ji komai ba. Robert Watson-Watt ya nuna a 1926 cewa za a iya zana shiyya nan take a kan gilashi mai haske, yana bin sawun walƙiya, kuma daga wannan ne aka sami na'urorin da suka riƙa kama gajerun saƙonnin jiragen Jamus masu nutso a Tekun Atilantika kafin su gama magana. Injiniya ɗan Folan, Wacław Struszyński, ya warware matsalar eriyar da za ta yi wannan aiki a kan jirgin ruwa mai cike da ƙarfe, Henri Busignies na Faransa kuma, wanda ya tsere zuwa Amurka a 1940, ya yi wa sojan ruwan can irin tasu. Samfurin Birtaniya mai suna FH4 yana cikin jirgin HMS Belfast da ke ajiye a Kogin Tems a Landan.

Kai kuwa, ka yi gwajinka da hantsi zuwa azahar, a fili, nesa da rufin ƙarfe da wayoyin wuta da fitilun zamani masu cika zango da ƙara. Ka zaɓi tashoshin matsakaicin zango da ka san inda turakunsu suke, ko ƙananan tashoshin rediyo masu nuna wa jirage hanya na filayen jirgin sama da suka rage, waɗanda suke tsakanin kilohaz 190 da 535 suna maimaita sunansu da haruffa biyu ko uku na Mos, wato gajerun sautuka da dogaye. Ka auna shiyyar kowacce da zoben, ka gwada da abin da taswira ta ce, kana tuna bambancin arewar kamfas da arewar taswira. Za ka ga kuskuren ba ɗaya ba ne ta kowace fuska, domin ƙarfen da ke kusa yana lanƙwasa igiyar. A jirgi ma haka abin yake, shi ya sa ake juya jirgin a ƙasa ana auna kuskuren kafin a amince da zobensa. Ka rubuta naka a kati, shiyyar da ka karanta a hagu, ta gaskiya a dama, da kwanan wata da wurin da ka yi gwajin, ka maƙala katin a cikin murfin akwatin.